Daga Ofishin SDP Zuwa Taliyar 2023



A hedikwatar ƙananan hukumomi da dama har yau akwai wasu tsofaffin gine-gine masu fasali ɗaya. Wasu an mai da su ofisoshin gwamnati, wasu kuma jemagu sun gaje su. Dattawa kan kira su ofishin SDP ko ofishin NRC. Gwamnati ce ta gina su, da nufin raba siyasarmu da masu kuɗi.

A 1989 aka ɗage takunkumin siyasa, ƙungiyoyi 13 suka nemi rajista. Ranar 7 ga Oktoba Janar Ibrahim Babangida ya watsar da su duka, bisa hujjar cewa attajirai da tsofaffin 'yan siyasa ne ke juya su ta bayan fage. Ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP mai doki da NRC mai mikiya. Gwamnati ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, ta riƙa ba su kuɗin gudanarwa. Tunanin shi ne, tunda babu wanda ya kafa jam'iyya da aljihunsa, babu wanda zai ce tasa ce.

A takarda abin ya yi kyau. Amma da aka zo zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a 1992, kuɗi da maguɗi suka yi kaka-gida, har gwamnati ta soke zaɓen, ta haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa, cikinsu har da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi. Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta fito da tsarin Option A4: mai neman takara ya faro daga mazaɓarsa, ya haura ƙaramar hukuma, ya haura jiha, sannan babban taro. To su wa wannan rariya ta tace mana? Alhaji M.K.O. Abiola da Alhaji Bashir Tofa, attajirai biyu. An gudu ba a tsira ba.

Nan ne ya kamata mu tsaya, domin labarin ya bar fadar gwamnati ya dawo kanmu, mu masu ƙuri'a. Dukiyar Abiola ba ta zame masa aibi a idonmu ba. Ita ce ma ta yi masa kamfe tun kafin ya nemi mulki, saboda gudunmawar da ya daɗe yana bayarwa ga masallatai da makarantu da asusun neman taimako. Ranar 12 ga Yuni 1993 ya kayar da Tofa a jihar Kano, gidan Tofa. Mu tuna kuma yadda harshenmu yake: ɗan siyasar da ba ya bayarwa marowaci muke ce masa, ko mai maƙo, kuma wannan tabon ya fi zargin sata saurin kashe takara. Wanda ya raba kuwa, ko daga ina ya samo, "mai alheri" ne.

Kada mu zalunci kanmu dai. Wannan Kanon ce a 1979 ta bi Malam Aminu Kano da PRP, jam'iyyar da ba ta da abin rabawa, Abubakar Rimi ya ci gwamna, Balarabe Musa ya ci a Kaduna. A 2014 Janar Buhari ya ce rancen banki ya ci ya sayi fom ɗin Naira miliyan 27.5, talakawa kuma suka riƙa tara masa gudunmawa da guminsu. Duka halayen biyu namu ne, wani lokacin ma a cikin mutum ɗaya. Shi ya sa muka ƙirƙiro fatawar da ke sasanta su: a ci kuɗinsu, a zaɓi ra'ayi. Fatawar tana da daɗin faɗi a majalisa, sai dai ɗan siyasa ya ji ta shi ma, ya koma ba ya biya sai ya tabbatar inda aka dangwala.

Dokoki kuwa ba su daina zuwa ba. Dokar zaɓe ta 2010 ta ƙayyade wa mai neman shugabancin ƙasa Naira biliyan 1, ta 2022 ta ɗaga zuwa biliyan 5. A shekarar ce APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa miliyan 100, PDP miliyan 40. Mun yi tsaki, mun yi barkwanci a Facebook, kwana biyu maganar ta bi iska.

Sai canjin kuɗi. A Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya fasalin Naira, kuma da yawanmu muka yi murna cewa masu sayen ƙuri'a sun shiga uku. Watan Fabrairun 2023 ya same mu a layin banki, mai kuɗi a asusu ba ya iya cire na cefane. Ranar zaɓe tsabar kuɗi ta yi wuya kamar yadda aka so. A bayan rumfunan zaɓe da dama kuwa aka sauke katan-katan na taliya da sabulu da turamen atamfa, mata da maza muka ja layi.