Inuwar da Aka Tsare: Tarihin Hoto a Ƙasar Gezawa

Duk wanda ya shiga zauren wani dattijo a Gezawa, ko Jogana, ko Tsamiya Babba, ya ɗaga kai ya dubi bango, da wuya ya rasa ganin hoto ko da guda, ko na shehin ɗariƙa, ko na sarki bisa doki, ko kuwa na maigidan kansa ranar da ya sauka daga Makka. Kuma saboda ido ya daɗe da sabawa da waɗannan abubuwa, sai mutum ya zaci tun fil azal haka bangayenmu suke, alhali kuwa kakannin kakanninmu sun yi zamaninsu sun ƙaura ba tare da ɗayansu ya bar wa zuriyarsa kamannin fuskarsa ba. Ya kamata mu waiwaya mu ga ta wace ƙofa wannan baƙo ya shigo mana, da irin abin da ya sauya a cikin ganinmu.

Kafin zuwan hoto, harshe shi ne ke riƙe da amanar siffa. Almajirin da ya zauna gaban malaminsa ana karanta Shama'il na Imamu Tirmizi yakan san kamannin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hanyar wasafin sahabbai, har siffar ta zauna masa a zuci daram ba tare da alƙalami ya zana ko layi ɗaya ba. Haka maroƙi ke adana jarumtar hakimi a cikin kirari, haka tsohuwa ke cewa jikanta ya ɗebo goshin kakansa, sai kowa ya gaskata. Idan kuwa ana son a san ko wane ne baƙo, sai a dubi tsagar da wanzami ya yi masa a fuska, a tambayi mai masaukinsa, a kai maganar gaban dagaci. Ko Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851, da hannu ya zana birnin kamar yadda ya hango shi daga Dutsen Dala.

Asalin hikimar hoto kuwa tana da tsohon tushe a wurin malaman Musulunci, domin Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana a cikin Kitabul Manaziri yadda haske ke tafiya a miƙe daga abin da ake gani zuwa ido, ya kuma jarraba yadda yake kutsawa ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu ya sauka a bangon da ke fuskantarta. Yaron da ya taɓa kwanciya da tsakar rana a ɗakin ƙasa mai hudajjen ƙyaure, ya ga inuwar masu wucewa tana tafiya a bango kai a ƙasa, ya ga wannan sirri da idonsa. Abin da ya gagari mutane ƙarni bayan ƙarni shi ne yadda za a tsare wannan inuwa kada ta gushe, sai a 1839 aka bayyana dabarar Daguerre a Faransa, sannan a 1888 George Eastman ya fito da akwatin Kodak a Amurka, wanda ya sa ko wanda bai san sinadari ba yana iya ɗaukar hoto.

A ƙasar Kano, akwatin hoto ya yi ƙarfi ne tare da mulkin Nasara, bayan da rundunar Ingila ta shiga birni a watan Fabrairu na 1903, saboda haka hotunan farko idon mai mulki ne yana duban waɗanda yake mulka. Abin da ya ƙayatar da shi, shi ya ɗauka: ganuwa da ƙofofinta, karofin Ƙofar Mata, dawakin hawan daba irin wanda aka yi wa Yariman Ingila a 1925, da kuma dalar gyada, wadda hotonta ya zagaya duniya har ya zama tambarin arzikin Arewa. To amma duk wanda ya san ƙasar nan ya san cewa buhunan da aka jera har suka yi tsiri daga gonakin talakawa suka fito, irin na Gezawa da Minjibir da Gabasawa, wasu a bayan jakuna, wasu ta tashar Jogana bayan da layin dogo ya miƙa daga Kano zuwa Nguru a 1930; sai ga shi hoton ya nuna dala, ya nuna ɗan dako yana hawa da buhu a ka, amma manomin da ya yi huɗa da noma da cira, da matar da ta ɓare gyadar da hannunta, babu su a ciki. Tun daga nan ya kamata mai hankali ya fahimci cewa hoto yana da gefe huɗu, kuma abin da aka bari a wajen gefen nan sau da yawa ya fi wanda aka shigar nauyi.

Malamanmu ba su karɓi wannan sabon abu da gaggawa ba, kuma suna da hujja, domin hadisai sun yi kakkausan gargaɗi ga masu yin surori. Sai dai fuƙaha'u na mazhabar Malikiyya sun daɗe da rarrabe tsakanin sura mai jiki da inuwa, irin gunki, da wadda take shimfiɗe a kan takarda ko tufa. Kuma a Masar, Mufti Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya rasu a 1935, ya yi fatawa cewa hoton akwati tsare inuwar halittar Allah ne kawai, kamar yadda madubi ke yi, babu ƙagen wata halitta a ciki. Saɓanin bai ƙare ba har yau, amma larura ta yi nata hukuncin, domin da aikin hajji ya koma ta fasfo da jirgin sama, dattijon da bai taɓa yarda a ɗauke shi ba sai ya shiga mota zuwa birni, ya zauna gaban mai hoto a Sabon Gari, inda 'yan Kudu suka fara riƙe sana'ar, ya daure mai akwati ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya ƙirga. A gidaje da yawa na karkararmu, wannan ɗan ƙaramin hoton fasfo, baƙi da fari, shi kaɗai ne abin da jikoki suka gada na fuskar kakansu.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta riƙa kai hotunan manyan mutane hannun masu karatu, motar majigi kuma tana zagaya garuruwa da dare tana haska farin ƙyalle a ƙofar fada. Muridai suka rataya hoton Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha don ƙauna, 'yan NEPU suka riƙe na Malam Aminu Kano don jam'iyya, talakan da a da sai dai ya ji labarin shugaba a bakin sanƙira ya wayi gari ya san fuskarsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan zamani ne karin maganar ya sami sabon ƙarfi.

Akwai kuma wani hoto da manomin Gezawa bai san ana ɗauka ba, wato wanda jiragen safiyo suka riƙa ɗauka daga sama, kuma shi ne ya yi masa adalcin da hoton dala bai yi masa ba. An daɗe ana cewa yawan jama'a da saran itacen girki za su mayar da kewayen Kano hamada; amma Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya wallafa bincikensa kan wannan yanki mai cunkoso tun 1965, daga baya kuma ya yi aiki a Tumbau ta ƙasar Gezawa, shi da abokan aikinsa sun gwama hotunan sama na shekaru daban-daban, suka tarar itatuwan gona ba su ƙare ba duk da farin da aka sha. Ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo suna nan tsaye a tsakiyar gero da dawa, domin kowace bishiya tana da mai ita, kuma ƙasar da ake nomawa kowace damina tana samun takin tumaki da awaki da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Abin da manomi ya sani tun kaka da kakanni, sai da hoto ya ba da shaida kafin masana su sallama.

A yau, tun bayan shigowar wayar salula a 2001 da yaɗuwar masu kyamara a cikinta, yaron da ke kiwo a Wangara yana ɗauke da abin da Gwamna Lugga bai mallaka ba, kuma katin zaɓe da na ɗan ƙasa sun gaji aikin tsagar wanzami da shaidar dagaci. Wannan ni'ima ce, amma tana tafe da fitina, domin ana iya haɗa hoton ƙarya, ko a ɗauko na wata ƙasa a ce jiya ya faru a garinmu, ko a yaɗa hoton 'yar mutane ba da izininta ba. Alƙalan Shari'a ba su karɓar shaida sai an yi masa tazkiya, an san adalcinsa. Haka ya wajaba mu yi wa hoto, mu tambayi wanda ya ɗauka, da ranar, da manufar, da abin da ya bari a waje.

Nasihata ga matasanmu ita ce su juya wannan akwati zuwa ga waɗanda tarihi ya tsallake: tsohon da ke gyaran rumbu, da maƙerin da ke ƙera garma, da gyatumar da ke kaɗa daddawa, su nemi izininsu da ladabi, su wanke hoton a takarda, sannan su rubuta suna da gari da shekara a bayansa, ko da boko ko da ajami, domin jikan da zai ɗauko hoton nan gaba ya san wanda yake kallo, ya kuma yi masa addu'a da sunansa.