Burkin ganga da burkin faifai: tarihin tsayawar tsofaffin motocin soja

Duk malamin da ya taɓa aiki a ƙauye ya san tsohuwar Land Rover ta ranar kasuwa. Ita ke kai mushe lakwal ɗin da aka tura shi, ita ke dawo da ƴan kolej gida idan hutu ya zo, wani lokaci ita ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare. Ya kuma san yadda direbanta ke tsayawa: ya taka burki sau ɗaya, ya ɗaga ƙafa, ya sake takawa, sai a na uku motar ta amsa. Kwanan baya na ji wani makaniki yana ba mai irin wannan mota shawarar a cire gangunan ƙafafun gaba, waɗanda masu gareji ke kira tambur, a ɗaura faifai, wato diski. Shawarar ba ta banza ba ce. Amma kafin a amsa masa, ya kamata a san dalilin da ya sa motocin daji suka daɗe da ganga bayan ƙananan motoci sun rabu da ita.

Burkin nan biyu sa'o'in juna ne. A 1902 Louis Renault ya fito da burkin ganga a Faransa, a shekarar kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar burkin faifai a Birmingham ta Ingila. Na Renault takalma biyu ne a cikin tukunyar ƙarfe da ke juyawa tare da taya, idan an taka sai su buɗe su goge ta daga ciki. Na Lanchester faifai ne a fili, ana matse shi daga gefe biyu kamar yadda maƙeri ke riƙe ƙarfe da awartaki. Lanchester ya yi amfani da jan ƙarfe wajen matsar, abin ya riƙa ƙara mai ciwon kunne, ƙurar hanyoyin zamanin kuma ta riƙa cinye shi da wuri. Ganga ta yi nasara, ta riƙe kasuwa shekara hamsin.

Tana da wata baiwa da ba kowa ya sani ba. Juyawar gangar da kanta tana jan takalmin gaba ta ƙara danna shi, don haka ƙafar direba ba ta bukatar ƙarfi da yawa. Ga ta a rufe, tsakuwa ba ta samun ta. Lokacin da sojan Amurka suka nemi ƙaramar motar daji a 1940, babu wanda ya yi tunanin wani abu daban. Jeep ɗin da kamfanonin Willys da Ford suka ƙera daga 1941 zuwa 1945, fiye da 600,000, duk da ganga mai faɗin inci 9 suka fito. Motar ba ta fi tan ɗaya da kaɗan ba, kuma ba don gudu aka yi ta ba. Bayan yaƙi kamfanin Hotchkiss ya ci gaba da ƙera ta a Faransa da sunan M201 daga 1955 zuwa 1966, sojan Faransa suka yi aiki da ita a Aljeriya da cikin Sahara. A Birtaniya kuwa Maurice Wilks na kamfanin Rover yana da tsohuwar Jeep a gonarsa, daga gare ta ya ɗauki tunanin Land Rover, wadda aka nuna a Amsterdam ranar 30 ga Afrilu 1948. Da ganga ita ma ta zo: inci 10 a gajeruwa, inci 11 a doguwar nan mai lamba 109 da muka fi gani tana ɗauke da buhuna da mutane.

Aibin ganga zafi ne, kuma a nan malaman kimiyya na da darasi a shirye. Burki ba ya yin komai sai mayar da gudu zafi. Mota mai tan 2 da ke tafiyar kilomita 60 a awa, idan ta tsaya cak, zafin da ke shiga burkinta ya kusa isa a tafasa lita guda ta ruwa, cikin ƴan daƙiƙoƙi. Idan gudun ya ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Ganga a rufe take, zafin ba ya samun hanyar fita. Ƙarfen ya kumbura ya yi nesa da takalman, fatar takalman ta yi santsi, direba ya ji ƙafarsa na nutsewa motar ba ta rage ba. Wanda ya taɓa gangarowa daga tuddan Adar, wajen Keita ko Bouza, da mota cike da albasa ya san wannan tsoro. Ruwa ma haka: a ƙetare gulbi da damina, ruwa da laka su zauna cikin gangar, motar ta yi ta tafiya babu burki har sai sun bushe. Faifai kuwa iska na dukan sa ta ko'ina, yana watsar da ruwa da juyawarsa, idan ya kumbura ma wajen plaket yake matsowa.

Jiragen sama ne suka fara farfaɗo da tunanin Lanchester. Daga can kamfanin Dunlop ya kawo shi kan motar tsere, kuma a 1953 Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans da burkin faifai, domin direbobinta na iya jinkirta taka burki a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya fiye da abokan hamayya. A 1955 Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba. Peugeot 504 ta 1968, wadda daga baya aka riƙa haɗawa a Kaduna ta cika tashoshinmu, ƙaramarta da faifai ta zo a ƙafa huɗu. Range Rover ta 1970 ma haka.

Amma Land Rover ta aiki, wadda ta fito daga kamfani ɗaya da Range Rover, ta zauna da gangarta har ƙarshen Series III a 1985. Sai samfurin 110 na 1983 ne ya samu faifai a gaba. Shekara talatin ke nan bayan Le Mans. Rowa na ciki, ba shakka, amma ba ita kaɗai ba ce. Soja da hukumomi na sayen abin da suke da kayan gyaransa a ma'aji, wanda kowane kurtu zai iya kwancewa a daji da sifana biyu. Faifai kuma a fili yake, rairayi da laka na cin plaket ɗinsa da sauri. Mafi girman dalili shi ne faifai ba ya taimakon kansa yadda ganga ke yi, sai an haɗa masa tulun nan da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi ta hanyar zuƙar iska, wanda a motar gazuwal ma sai an ƙara masa famfo na musamman.

Waɗannan dalilan ne ke dawowa yau idan aka zo canji, kuma su ne makaniki mai gaggawa ke tsallakewa. Awartakin faifai na shan man burki fiye da ƙananan famfunan cikin ganga, don haka babban famfon da ke bayan feda sau da yawa ya yi kaɗan. Wasu tsofaffin famfunan na da ƙaramin bawul da ke barin ɗan matsi a cikin bututu domin ganga. Idan aka bar shi, plaket zai riƙa gogar faifai ko ba a taka ba, ƙafar ta yi zafi. Idan ba a daidaita ƙarfin gaba da na baya ba, bangare ɗaya ya riƙa kullewa da wuri, motar ta juya a kan tsakuwa. Sannan ga ƙarfen da ke riƙe awartakin. Na ga wanda aka yanka daga guntun ƙarfe aka yi masa walda a bakin titi, alhali duk nauyin tsayawar motar a kansa yake.

A ganina akwai abin da ya fi faifai muhimmanci, kuma ya fi arha. Jeep ɗin yaƙi da Land Rover na farko bututu ɗaya ke kai mai ga ƙafafu huɗu. Ya tsage wuri ɗaya, burki ya tafi gaba ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta tilasta raba layin gida biyu, yadda idan ɗaya ya zube ɗayan zai tsayar da mota. Tsohuwar mota mai ganga huɗu da aka daidaita, mai layi biyu da sabon mai, ta fi mini mai faifai da aka ɗaura a kan layi ɗaya. Takawa uku da direban ranar kasuwa ke yi, galibi alama ce ta takalman da ba a matso da su ba, ko iska a cikin bututu. Gangar Land Rover ba ta daidaita kanta, da hannu ake juya mata ƙusa. Man burki kuma yana shan raɓa: irin DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 140.

Iyayen da suka kai yaro koyon gareji su ma abin ya shafe su. Shekaru da yawa fatar takalman burki da asbestos ake yin ta, ma'adinin da ƙurarsa ke jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru. Ƙurar nan cikin ganga take taruwa, kuma yaron gareji ne ake ba aikin hure ta da baki ko da iskar famfo. A ce masa ya jiƙa ta ya goge da tsumma.

Mai motar da na ambata a farko ya ce makaniki ya dakata da faifan, ya fara sa masa famfo mai layi biyu, ya canja bututun roba, a ga yadda za ta yi da damina.