Daga ƙyalli zuwa baƙin fenti: tarihin salansar moto

Kafin shekarun 1920, da nikel ake lulluɓe ƙarafan moto, shi kuwa ba ya daɗewa yake dusashewa. Tun 1797 wani Bafaranshe mai suna Vauquelin ya gano sinadarin kurom cikin wani jan dutse na Siberiya, amma sai a 1924 Colin Fink da Charles Eldridge, a Amurka, suka samo hanyar lulluɓe ƙarfe da shi ta amfani da lantarki a masana'anta. Cikin ƴan shekaru salansa mai ƙyalli kamar madubi ta zama abin tinƙaho.

Yaƙin duniya na biyu ya juya lamarin. Kurom ya koma wajen ƙera makamai, kuma ƙyalli yana tona asirin soja ga abokan gaba. Shi ya sa Harley-Davidson WLA ta sojojin Amurka ta fito da baƙar salansa. Abin da tilas ta kawo, daga baya ya zama ado.

Sai dai kurom sulɓi gare shi, fenti ba ya kama shi, kuma bututun da ke kusa da inji zafinsa na kai ɗaruruwan digiri. Dole a goge da samfefa, a wanke maiƙo, a fesa fenti mai jure zafi kaɗan-kaɗan, sannan a tada inji ya gasa shi. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, fentin zai ɓare, tsatsa ta shiga. Kurom ɗin da ya kankare kuwa ya tafi ke nan.