TARIHIN AGOGO MAI LOKACI BIYU DA YADDA YA ISO ƘASARMU

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa ina so mu waiwayi wani ɗan ƙaramin abu da yawancinmu muka taɓa ɗaurawa a hannu, watau agogo, musamman irin wanda ke nuna lokacin ƙasashe biyu a fuska ɗaya. A yau akwai attajirai a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa masu zuba dukiya mai yawa wajen tara tsofaffin agogon nan. Mu kuwa a Karare da sauran garuruwan Batsari da Safana, na iyayenmu suna kwance a gindin adaka, wasu ma an riga an ba yara sun yi wasa da su. To, ina asalin wannan agogo, me kuma ya haɗa shi da Bakatsine?

KAFIN ZUWAN AGOGO

Kakanninmu ba su rasa hanyar sanin lokaci ba. Carar zakara da fitowar gamzaki su ke shaida asuba. Daga nan sai hantsi, sai walaha, sai rana tsaka, sai azahar, da la'asar, da almuru, da lisha. Ladani kan tsaya a rana ya auna inuwarsa da taku, bisa lissafin malamai cewa tsawon mutum taku bakwai ne na ƙafarsa. In inuwa ta gama raguwa ta soma ƙaruwa ta gabas, azahar ta shiga. In ta ƙaru da tsawon mutum a kan inuwar zawali, la'asar ta yi. Malaman hisabi kuma suna bin taurari don sanin faɗuwar damina da shigowar ɗari. Ko Baturen nan Kilafaton, da ya je Sakkwato a 1824 ya kuma biyo ta Katsina a kan hanyarsa ta komawa, ya rubuta cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nemi ya ga kayansa na auna rana, ya kuma iske shi ya san sunayen taurari da dama da Larabci.

Kalmomin da muke amfani da su ma suna ba da labarin hanyar da abin ya biyo. Sa'a da daƙiƙa daga Larabci suka zo. Awa da minti daga Turanci. Shi kansa agogo daga Yarabanci muka aro shi, inda yake nufin ƙararrawa. In kuwa muka ce ƙarfe bakwai, ai kowane ɗalibi zai tuna da guntun ƙarfen da ake ratayewa a itace, wanda in an kaɗa shi kowa ke sheƙawa aji da gudu.

LOKACIN GWAMNATI

A da kowane gari da lokacinsa, gwargwadon inda rana ta tsaya a kansa. Jirgin ƙasa da wayar tangaraho su suka tilasta wa duniya daidaita agogo. A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton, suka amince a riƙa fara auna duniya daga Girinic, wata unguwa ta Landan. Daga sunanta aka sami harafin farko na GMT. Malamanmu na labarin ƙasa sun koya mana lissafin: duniya digiri 360 ce, tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, saboda haka kowane digiri 15 awa guda ne, kowane digiri ɗaya kuma minti 4.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka sa agogon Nijeriya gaba da GMT da rabin awa, sa'an nan ran 1 ga Satumba 1919 aka mai da shi awa guda cif, wanda a kansa muke har yanzu. Ofis da kotu da makaranta, irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, duk da wannan lokaci suka riƙa aiki.

A nan akwai abin lura. Layin digiri 15 da aka ɗora agogonmu a kansa bai ratsa Nijeriya ba, can wajen Injamena ta Cadi ya bi. Batsari da Safana kuwa ba su wuce digiri 7 da 'yan kai ba. In ka buga lissafi za ka ga ranarmu tana bayan agogo da wajen rabin awa. Shi ya sa rana ba ta tsayawa tsaka a Karare sai wajen sha biyu da rabi, da ɗan ƙari ko ragi na kamar kwata gwargwadon lokacin shekara. Shi ya sa kuma mutanen Maiduguri ke riga mu shan ruwa da azumi, mu kuma mu riga na Sakkwato, alhali agogonmu ɗaya. Ashe tun 1919 mutumin Karare ke zaune da lokaci biyu, na rana don salla da gona, na gwamnati don ofis da makaranta.

REDIYO DA JIRGIN ALHAZAI

Abu biyu suka sa talaka ya san cewa ƙarfe bakwai na nan ba shi ne na ko'ina ba. Na farko rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri ran 13 ga Maris 1957, Muryar Amurka kuma ta biyo baya a 1979. Mai gabatarwa kan faɗi lokaci a agogon GMT da Gana, kana ya faɗe shi a agogon Nijeriya da Nijar. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba ya iya ƙara awa guda a ka ba tare da wahala ba.

Na biyu aikin hajji. Alhazan da suka bi ta Barno da Cadi da Sudan a ƙasa sukan yi watanni, wasu shekaru, kafin su ga Jidda. Tsakanin Katsina da Makka akwai digiri 32, watau awa biyu da 'yan mintoci na rana, amma mai tafiya a ƙasa ba ya jin wannan bambanci, domin kullum kaɗan-kaɗan yake cinye shi. Ko Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya yi hajji a 1921 ta hanyar Ingila, a jirgin ruwa ya tafi, makonni yana bisa teku. Jirgin sama ya fara sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, cikin shekarun 1950 kuma aka soma jigilar alhazai ta sama. Tafiyar shekara ta koma ta 'yan awoyi. Alhaji ya sauka Jidda ya iske agogonsa na baya da awa biyu.

Alhazan farko ma sun tarar da abin da ya fi haka rikitarwa. Har wajen 1968 mutanen Saudiyya da lokacin Larabawa suke aiki, inda ake mai da agogo ƙarfe 12 daidai faɗuwar rana kowace rana. A wannan lissafi kullum ƙarfe 12 ake magariba, lisha kuma wajen ɗaya da rabi. Saboda baƙi da 'yan kasuwa na aiki da lokacin Turawa, aka riƙa sayar da agogo mai fuska biyu da hannu huɗu. Tun zamanin Daular Usmaniyya ma maƙeran Turai ke yi wa Turkawa agogon aljihu iri wannan.

AGOGON MATUƘAN JIRGI

A 1931 wani maƙerin agogo na Janeba a ƙasar Suwizalan, Louis Cottier, ya ƙirƙiro dabarar nuna lokacin manyan biranen duniya a fuska ɗaya, kamfanin Patek Philippe kuma ya yi amfani da ita. A 1953 kamfanin Glycine ya fito da Airman, mai fuskar awa 24. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Rolex ya ƙera GMT-Master mai lamba 6542 saboda matuƙan jirgin Pan Am na Amurka, waɗanda aikinsu ke bukatar lokacin GMT da na garin da suka sauka.

Dabarar mai sauƙi ce. Ban da hannun awa da na minti da na daƙiƙa, an ƙara hannu na huɗu mai kan kibiya, wanda ke kewaya fuskar sau ɗaya rak cikin awa 24. A bakin agogon kuma akwai zobe mai juyawa, da lambobin awa 24, rabinsa ja don rana, rabinsa shuɗi don dare. In kana Makka kana son sanin lokacin gida, sai ka juya zoben da awa biyu, kibiyar ta nuna maka ko an tashi daga kasuwa a Batsari. Lamba 1675 ta gaji ta farko a 1959, aka yi ta ƙera ta har 1980.

Mutanen Japan ba su zauna ba. Seiko ya fito da Seiko 5 a 1963, da World Time a 1964, shekarar wasannin Olamfik na Tokiyo. Ran 25 ga Disamba 1969 kuma ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar dutsen kwaz da aka sa a kasuwa. Wannan ya girgiza Suwizalan ƙwarai. Ma'aikatan agogo a can, da suka kai kusan 90,000 a 1970, sun koma ƙasa da rabin haka kafin 1985. Da agogon lamba irin na Casio ya bazu, sai ya zama ɗan makaranta ma na iya duba lokacin ƙasa biyu da latsa maɓalli.

TSARABAR MAKKA

Gaskiya dai Rolex bai yawaita a garuruwanmu ba, sai a hannun sarakuna da manyan ma'aikata da attajiran Kano da Katsina da Maraɗi. Abin da ya cika hannun iyayenmu shi ne Seiko da Citizen da Orient da Omax, mai hali kuma ya ɗaura Rado. Shekarun 1970 su ne kakar abin. An sami kuɗin mai, an biya ma'aikata ariyas na Udoji a 1975, naira kuma ta fi dala daraja. A 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Kowa ya dawo da zamzam da dabino da darduma da carbi, amma babbar tsaraba, ta ƙane ko suruki ko ɗan da ya ci jarrabawa, agogo ce. Wasu alhazan sukan bar nasu a kan lokacin Makka kwana da kwanaki bayan sun dawo, don begen wurin.

Da aka karya darajar naira a 1986, sabon agogo mai kyau ya gagari ma'aikaci. Sai kasuwar masu gyara ta buɗe, waɗannan masu ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwa, da madubin ido ɗaya da ɗan hantsaki. Wayar hannu, da ta shigo a 2001, ita ta kusa kashe sana'ar, domin ita da kanta take sauya lokaci in ka sauka Jidda.

ABIN DA MASU TARAWA KE NEMA

Abin mamaki, sa'ad da agogon wani ya rasa aiki, sa'an nan ya yi daraja. A watan Disamba na 2019 kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da GMT-Master na ɗan wasan fim Marlon Brando a kan dala miliyan 1.95. Wata guda kafin nan an sayar da wani Patek Philippe mai lamba 2523 a Honkon a kan kusan dala miliyan 9. Kada wannan ya ruɗe mu. Seiko 5 na Baba ba zai kai ko kusa da haka ba, jabun Rolex kuma sun cika kasuwa. Sai dai ƙa'idar masu tarawa ɗaya ce ga babba da ƙarami: suna son agogo yadda ya fito daga masana'anta, suna kuma son labarinsa.

Saboda haka ga 'yan shawarwari. Kada a ba da shi a goge har a cinye gefensa, kada a sake masa fenti a fuska, kada a musanya hannuwansa. A adana kwalinsa da rasiɗinsa in suna nan. Kada a buɗe shi a gida, domin fentin da ke haske da dare a agogon da aka yi kafin shekarun 1960 sau da yawa yana ɗauke da sinadarin radiyam mai cutarwa. In mai batir ne a cire tsohon batirin kafin ya zube ya ci injin. Mai Seiko ya duba lambar da ke bayansa: ta farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata. In ranakun mako na fitowa da Larabci, alama ce don kasuwar Larabawa aka yi shi, watakila shi ne tsarabar da ake ba ka labari.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Maganar ta wuce sha'awa. In an zo rabon gado, sau da yawa akan ƙiyasta gona da shanu da kyau, a jefa agogo cikin tarkace a yi masa kuɗin goro. Idan na ainihi ne mai daraja, an tauye haƙƙin marayu da mata ba da sani ba. Ya kamata a kai shi wurin wanda ya san abin, fiye da mutum ɗaya, kafin a yanke masa kuɗi.

Bayan haka, duk mun san halin da ƙauyukan bakin dajin Rugu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, inda iyalai da yawa suka bar gidajensu ba shiri. A irin wannan gudu ƙananan kaya ke fara ɓacewa, dattawan da suka san labarinsu kuma kullum raguwa suke. Wanda ke da agogon mahaifinsa ya zauna da tsofaffin gida tun suna raye, ya rubuta a takarda wace shekara aka yi hajjin, a ina aka saya, wa aka ba, ya ajiye tare da shi. Da irin waɗannan 'yan takardu ake rubuta tarihin gari, mu kuwa da aka koya wa riƙe alƙalami mu ke da alhakin yin haka.

Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu yi amfani da lokacin da ya ara mana. Wassalam.