Yadda Aka Hana Cire Wa Kyanwa Farce

Idan muka ji an ce "cire farce", yankan ƙumba ne ke zo mana a rai. Sunan ne ya rufa wa aikin asiri. Farcen kyanwa daga ƙashi yake tsirowa, don haka sai likita ya guntule gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa, alhali a kan yatsun nan take takawa. Galibi kuma don kada ta yage kujerun falo ake yi.

Yarjejeniyar Turai ta kare dabbobin gida ta 1987 ta hana shi, sai in don magani. A Amurka ne aka sha fama. Likitar dabbobi Jennifer Conrad, wadda ta yi ta gyara ƙafafun zakuna da damisoshin da aka guntule, ta matsa har ƙaramin birnin West Hollywood ya haramta a 2003. Abin mamaki, ƙungiyar likitocin dabbobi ta Kalifoniya ce ta kai birnin kotu, ta kuma sha kaye a 2007. Sai a 2019 Niyok ta zama jihar farko da ta hana, da tarar da ta kai dala 1,000.