Daga Jiki Magayi Zuwa Alhaki Kwikwiyo Ne: Zafin Zuciya da Cutar Bayin Allah

Mu marubutan Ikara da Makarfi da Kudan ba sai mun yi doguwar tafiya ba in muna neman asalin ƙagaggen labarin Hausa, domin a Zariya, maƙwabciyarmu, aka sa harsashinsa. A shekarar 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubutu. Cikin littattafai biyar da suka biyo bayanta akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da East.

Abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki shi ne, shi a kan ciwon zuciya aka gina shi. Malam Shehu attajiri ne, ba shi da ɗa. Ƙishirwar haihuwa ta sa ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainab, alhali Abubakar ne masoyinta. Baƙin ciki ya kori Abubakar daga gari, ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Da ya samo, kan wa ya sauke? Kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaro ya zama ɓarawo, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba da saninsa ba.

A 1990, zamanin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Alhaki Kwikwiyo Ne. A nan sha'awar sabuwar mace, Delu, ce ta rufe wa Alhaji Abdu ido, ya saki uwargidansa Rabi, ya bar ta da ɗawainiyar 'ya'ya, har ta kama sayar da abinci. Shi kuma gobara ta cinye masa shago. An fassara littafin zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012.

Fiye da shekara hamsin ke tsakanin littattafan nan, amma a duka biyun zafin zuciyar babba kan yara ya ƙare. Jiki Magayi kuma ya ƙara mana wani darasi. Abubakar ba mugu aka haife shi ba. Zaluntarsa aka yi, har mai karatu ya tausaya masa, sannan ya tsorata da abin da ya zama.

To, a nan muke jan hankalin sababbin marubutanmu. Sau da yawa mukan kawo kishiya ko ɗan sarki mai mugunta tun shafin farko, ba dalili ba mafari. Mai karatu zai tsine masa ya wuce, bai ga kansa a ciki ba. In muna son rubutunmu ya gyara hali, mu ba azzalumi dalilin da kowa zai gane, sannan mu nuna wanda zaluncin ya faɗa wa. Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, amin.