Mace a Matsayin Mataimakiyar Ɗan Takara: Nazari kan Martanin Masu Zaɓe

A ranar 29 ga Agusta, 2008, John McCain, ɗan takarar shugabancin Amurka na jam'iyyar Republican, ya gabatar da gwamnar Alaska, Sarah Palin, a matsayin mataimakiyarsa. Lissafinsa a bayyane yake. Hillary Clinton ta samu ƙuri'u kusan miliyan 18 a zaɓen fidda gwani na Democrat, amma tuta ta tafi hannun Barack Obama, kuma mata da yawa sun ji ciwon haka. McCain, mai shekara 72, ya yi fatan mace 'yar shekara 44 za ta janyo masa waɗannan fusatattun, ta kuma zaburar da Kiristoci masu ra'ayin riƙau da ba su gama amincewa da shi ba. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: shin kasancewar mataimakiya mace yana sauya inda mai zaɓe zai dangwala?

Da farko kamar dabarar ta ci. Mutum kusan miliyan 37 suka kalli jawabin Palin a babban taron jam'iyya a birnin St. Paul, gangamin McCain ya fara cika maƙil, har ya ɗan sha gaban Obama a ƙuri'un jin ra'ayi. Sai dai wannan farin jini bai yi wata guda ba. Ranar 15 ga Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe, hankalin jama'a ya koma kan aikin yi da bashin gidaje. Hirarrakin da Palin ta yi da Katie Couric a tashar CBS kuma suka sa masu zaɓe da dama tambayar ko ta shirya riƙe ƙasa idan wani abu ya sami dattijon. A Nuwamba Obama ya yi nasara da wakilai 365, McCain ya tashi da 173, kuma kimanin kashi 56 cikin ɗari na mata Obama suka zaɓa.

Abin lura shi ne waɗanda Palin ta burge da waɗanda ba ta burge ba. Masu ra'ayin riƙau, maza da mata, sun rungume ta saboda adawarta da zubar da ciki da goyon bayan mallakar bindiga. Magoya bayan Hillary kuwa mafi yawansu sun ga cewa ra'ayinta ya saɓa wa nasu a kan kusan komai, suka zauna a jam'iyyarsu. Ke nan mata ba gungu ɗaya ba ne da ake korawa wuri guda. Aƙida, addini, launin fata da halin aljihu sun raba su kamar yadda suka raba maza.

Tarihi ya riga ya nuna haka tun 1984, lokacin da Walter Mondale ya ɗauki Geraldine Ferraro, mace ta farko a tikitin babbar jam'iyya. An yi murna, sannan 'yan jarida suka shafe makonni suna tonon dukiyar mijinta. Ronald Reagan ya lashe jihohi 49 cikin 50, da rinjayen ƙuri'un mata ma. A nan akwai wani nauyi da ake ɗora wa mace ita kaɗai: an binciki Ferraro ta wajen miji, an kuma tambayi Palin wa zai kula da 'ya'yanta biyar, tambayar da ba a saba yi wa namiji ba.

Ghana ta ba da gwaji mafi kyau, domin tikiti ɗaya ne aka gabatar sau biyu. A 2020 John Mahama ya ɗauki Farfesa Jane Naana Opoku-Agyemang, tsohuwar shugabar Jami'ar Cape Coast, suka sha kaye a hannun Nana Akufo-Addo. A 2024 suka dawo tare, bayan hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022 kuma gwamnati ta kasa biyan basussukanta, suka ci da kusan kashi 56. Mataimakiyar ba ta canza ba, tsadar rayuwa ce ta canza ra'ayin jama'a. Haka a Kenya a 2022, Raila Odinga ya ɗauki Martha Karua don ya samu yankin Dutsen Kenya, amma mutanen yankin suka bi William Ruto.

Daga waɗannan misalai abu biyu suka fito. Ɗaukar mace yana jawo hankali da zumuɗi na ɗan lokaci, amma ranar zaɓe jam'iyya, tattalin arziki da shi kansa ɗan takara su ne ke yanke hukunci. Na biyu, babu wata hujja cewa mace ce ke kayar da tikiti, domin Kamala Harris a Amurka a 2020 da Opoku-Agyemang a 2024 duk sun kai gaci. Kujerar kuma ba ta ado ba ce: daga kujerar mataimakiya Samia Suluhu Hassan ta zama shugabar Tanzaniya a Maris 2021 bayan rasuwar John Magufuli.

Don haka jam'iyyar da ta ɗauki mace don farautar ƙuri'un mata kawai ta raina hankalinsu, wadda kuma ta ƙi ɗauka don tsoron faɗuwa ba ta da abin kafa hujja. Ma'aunin da ya dace, ga jam'iyya da mai zaɓe, shi ne ko wadda aka ɗauka za ta iya riƙe ƙasa daga ranar farko.